Wa zai tsaya wa wanda ya fito daga gidan yari?

Duk shekara idan azumi ya kama ko Sallah ta matso, labari iri ɗaya ne ke yawo a rediyo da Facebook: wani attajiri, ko wata ƙungiya, ko gwamna ya biya wa fursunoni tara an sallame su. Sai ka ga hoton samari a tsugune a harabar gidan yari, kowa da ledarsa da ambulan ɗin kuɗin mota, wani babba a tsaye yana yi musu nasiha cewa kada a sake ganin ƙafarsu a nan. Mu kuma mu sa albarka a ƙarƙashin hoton, mu wuce.

Aikin alheri ne, Allah Ya saka wa masu yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kullum a bakin ƙofa labarin ke ƙarewa. A watan Nuwamban 2023 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da tara ta riƙe, da kuɗi naira miliyan 585 da aka tara daga kamfanoni da masu hali. Mutum dubu huɗu ba wasa ba ne. To yau suna ina? Wa ya ɗauke su aiki? Me suka ci a mako na biyu, bayan kuɗin ambulan ya ƙare?

Ra'ayina shi ne, babbar matsalar wanda ya fito daga gidan yari a ƙasar nan ita ce rashin mai tsaya masa. Da yawa suna fitowa da sana'a a hannunsu. Yarda ce suka rasa, kuma a ƙasar Hausa da yarda ake samun aiki. Duk shirin taimakon da bai taɓo wannan ba, rabin aiki ne.

Yadda ake samun aiki a wurinmu

Mutum nawa ka sani da suka samu abin yi ta hanyar rubuta takardar neman aiki? Ƙalilan ne. Mafi yawanmu wani ne ya kama hannunmu ya kai mu.

Yaron shago a Kantin Kwari ko Singa, mahaifinsa ne ko kawunsa ya kawo shi wurin maigida ya ce, "Alhaji, ga amana." Mai Adaidaita Sahu ba zai miƙa makulli ga wanda bai kawo garanto ba, domin yana son ya san gidan da zai nufa ranar da balas bai zo ba. Mai gadi sai an san unguwarsu. Ko dako za ka yi a Dawanau, akwai shugaban 'yan dako da zai tambayi wa ya san ka. Mai gyaran waya da zai zaunar da kai a tebur ɗinsa, wayoyin mutane zai bari a gabanka ya tafi masallaci.

Yanzu ka ɗauki saurayin da ya yi shekara biyu a ɗaure. Kawun da zai kai shi ya riga ya ce ba ruwansa da shi. Maƙwabcin da zai sa hannu a takardar garanto yana tsoron ranar da za a zo a tafi da shi a madadinsa. Maigidansa na da ya sa wani a gurbinsa tun makon farko. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, tambaya ɗaya ce: wa zai tsaya maka? Shi kuwa ba shi da kowa.

Akwai mutanen da ba sa tambayarsa garanto. Su ne waɗanda ya bari a bakin kwalbati da kangon unguwa, da waɗanda ya saba da su a ciki. Su za su tarbe shi, su saya masa abinci ranar farko, su ba shi abin da zai sha ya manta. Bayan wata biyu idan an sake kama shi, sai mu ce ai dama mun faɗa.

Ba a ciki aka gaza gaba ɗaya ba

Ya kamata a yi wa hukumar gidajen yari adalci. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama hukumar gyaran hali, kuma ba suna kaɗai dokar ta taɓa ba. Ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma da sakin talala da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa. A gidajen yari da dama ana koyar da ɗinki da kafinta da walda da haɗa takalmi. Akwai gonakin hukumar, kamar ta Kujama a Kaduna. Ɗaurarru na zana jarrabawar kammala sakandare. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a cikin wasu gidajen, ɗaurarru na karatu kyauta, har hukumar UNESCO ta ba wannan shiri lambar yabo a 2018.

Dokar ta 2019 ta ma tanadi wani abu da mutane da yawa ba su san da shi ba. Wanda ya nuna ɗa'a a zamansa, ana iya ba shi takardar shaidar kyakkyawan hali idan zai fita, kuma dokar ta ce ba za a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda ɗaurin da ya yi ba.

Magana ce mai kyau a rubuce. Amma ka kai wannan takarda wurin mai shagon kayan masarufi ka gani. Zai duba, ya ce Allah Ya ƙara shiryarwa, ya miƙo maka. Takarda ba ta biyan kuɗin katan ɗin madara idan ya ɓata. Shi mai shago abin da yake son ji shi ne, idan wani abu ya faru wa zai kama.

Haka batun keken ɗinki da injin walda da ake rabawa a wurin biki. Mutumin da ba shi da shago, ba shi da kuɗin haya, ba shi da kwastoma ko ɗaya, cikinsa kuma babu komai, ka ɗora masa keke a ka ka ce ya je ya nemi halal. Tamkar ka nuna wa mai ƙishirwa rijiya ne ka tafi da guga. Idan ya sayar da keken ya ci abinci, ban ga abin mamaki ba.

"Hali zanen dutse"

Wannan ita ce maganar da aka fi tare ni da ita, kuma ba na raina masu faɗarta. Wanda aka tare da wuƙa aka ƙwace wayarsa, ko aka fasa shagonsa aka kwashe jarin da ya yi shekaru yana tarawa, yana da dalilin jin zafi. Akwai kuma waɗanda aka ba dama sau biyu sau uku suka ci amana. Wannan gaskiya ce.

Sai dai mu fara da tambayar su wane ne a ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. Wani zai shekara uku yana jira, ƙarshe a ce babu hujja a sallame shi. Da ya dawo unguwa sunansa "wanda ya yi gidan yari", daidai da wanda ya yi fashi. Wani bashi ne ya kai shi. Wani faɗan gona. Wani tarar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba ya kasa biya. A haɗa waɗannan duka a ce halinsu zanen dutse ne, zalunci ne.

Waɗanda kuma suka aikata da gaske, alƙali ya yanka musu wa'adi, sun cinye. Idan shekara biyu aka ce, shekara biyu ce. Mu ne muke ƙara musu da hukuncin rai da rai a waje, ba tare da an ba mu wannan hurumi ba.

Buhari ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) wani mutum da ya sha giya, aka yi masa hukunci. Da ya juya zai tafi sai wani ya ce Allah Ya kunyata shi. Annabi ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Muna jin wannan hadisi a wurin karatu muna girgiza kai. Ni ban san taimakon Shaiɗan da ya wuce a rufe wa mutum duk hanyar halal a bar masa ta haram a buɗe ba.

Sannan mun san yadda ake yafewa idan babba ne. Tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, kotu ta ɗaure su a 2018 kan kuɗin jama'a, aka yi musu afuwa a 2022. Ba afuwar nake tuhuma a nan ba. Kundin tsarin mulki ma, wanda aka ɗaure kan laifin rashin gaskiya, shekara 10 ya ce ya jira kafin ya nemi kujerar majalisa ko ta gwamna ko ta shugaban ƙasa. Wato mai neman riƙe baitulmalin jiha an sa wa tabonsa iyaka. Yaron da ya saci akuya yana ɗan shekara 19 kuwa, har ya yi furfura ba za a ba shi gadin makaranta ba.

"Masu digiri ma suna zaune"

Ita ma wannan tana da nauyi. Uba zai ce ɗansa bai taɓa ɗaukar allurar kowa ba, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, yana zaune a gida, sai a ce ɓarawo za a nema wa aiki?

Ba cewa nake a ɗauke kujerar wani a ba tsohon fursuna ba. Ayyukan da nake magana a kansu su ne leburanci a wurin gini, zama a garejin kanikawa, wankin mota, aikin gona, taya tela haɗa kaya lokacin ɗinkin Sallah. Ɗan wancan uban, ranar da ya yanke shawarar shiga ɗaya daga cikinsu, akwai mai kai shi. Tsohon fursuna kuwa ko ya yarda ya yi, ba a yarda da shi ba. Ina roƙon a ɗage masa shingen da ke gabansa ne kawai.

Kuma ko ta fuskar kuɗi aka duba, zamansa a ciki ba kyauta ba ne. A da kuɗin abincin ɗaurarre ɗaya a rana naira 750 ne, a 2024 aka ɗaga zuwa 1,125. Ka ƙara albashin gandirobobi, da man motar kai shi kotu, da lokacin alƙali da ɗan sanda, da asarar wanda zai yi wa ɓarna kafin a sake kama shi. Da kuɗin jama'a ake biyan mafi yawan wannan, har da na uban mai digirin.

Abin da nake ganin zai yi aiki

Tun 1966 gwamnatin Amurka ke da wani tsari mai sauƙi. Idan ka ɗauki tsohon fursuna aiki, za a ba ka inshora kyauta ta wata shida, mai farawa daga dala 5,000. Idan ya yi maka sata a wannan tsakani, a biya ka. Sun gane cewa tsoron asara ne ke hana mai aiki ɗauka, sai suka ɗauke masa tsoron. Wannan shi ne garanton da muke magana, gwamnati ce kawai ta zama mai tsayawar.

Babu abin da zai hana jiha ta yi irinsa a nan. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2023 aka cire sha'anin gidajen gyaran hali daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, don haka gwamna ba shi da uzurin cewa harkar Abuja ce. A ware asusu. A zauna da ƙungiyar teloli, da ta kanikawa, da ta masu walda, da shugabannin kasuwa. A ce wa maigida: ka karɓi wannan yaro wata shida, za mu riƙa ba shi kuɗin abinci da na mota, idan ya yi maka ɓarna zuwa kaza mu za mu biya. Keken ɗinkin da za a ba shi, a ajiye shi a shagon maigidan, ya zama nasa ranar da aka yaye shi.

Amma kuɗi kaɗai ba zai wadatar ba, domin garanto a wurinmu ya fi ƙarfin biyan asara. Mutum ne mai mutunci da kake jin kunyar ka ba shi kunya. Don haka kowane mai fita ya kamata a haɗa shi da mutum ɗaya da aka sani, mai unguwa ne, limami ne, fasto ne, ko wani dattijon danginsu, wanda zai riƙa leƙa shi, maigida kuma ya san lambarsa. Abin da ke hana irin waɗannan dattawa sa hannu shi ne tsoron a kama su ko a ci su tara. Idan asusu ya ɗauki nauyin asarar, aka kuma rubuta ƙarara cewa ba a tsare mai tsayawa kan laifin wani, da yawa za su yarda.

Hukumomin zakka da waƙafi, irin na Kano da Sakkwato da Zamfara, suna da rawar takawa. Masu bashi na cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kuma wanda ya fito ba shi da ko sisi ai fakiri ne. Ko za a iya sa kuɗin zakka a asusun garanto, wannan na malamai ne su duba. Waƙafi da sadaka dai ƙofarsu a buɗe take.

Shirin kuma tun yana ciki za a fara shi. Wata uku kafin ranar fita, a tabbatar yana da lambar NIN, domin idan babu ita ko layin waya ba zai yi rajista ba, balle asusun banki. Idan ya koyi sana'a a yi masa gwaji a ba shi shaidar ma'aikatar ƙwadago. A kira iyayensa a zauna, a ji ko za su karɓe shi, idan ba za su karɓa ba a san inda zai kwana tun kafin dare ya yi masa a tasha. Inda zai yiwu a nemi wanda ya yi wa laifi, ya roƙi gafara ido da ido. Wannan na kashe wutar unguwa fiye da kowace takarda. Wanda ƙwaya ce ta kai shi, a haɗa shi da asibiti, domin ɗauri ba ya warkar da shaye-shaye.

Sai wani ƙaramin abu da ake mantawa: a koya masa yadda zai amsa idan an ce, "Ina ka shiga kwana biyu?" Da yawa cewa suke sun je Legas ci-rani. A garuruwanmu kuwa magana ba ta ɓuya. Ranar da maigida ya ji daga bakin wani, ƙaryar ce za ta kore shi tun kafin laifin. Gara ya iya cewa, "Na yi kuskure kaza, na yi zaman kaza, ga abin da na koya, ga wanda zai tsaya mini." Faɗin haka a gaban baƙo na da wuya, sai an yi ta gwadawa da shi.

Akwai iyaka, kuma dole a faɗe ta. Wanda aka ɗaure kan lalata da yara ba za a kai shi makaranta ko gidan da ke da yara ba, ko da ya fi kowa tuba. Wanda ya ci kuɗin ajiya ba a fara shi da riƙe aljihun shago. Maigida na da haƙƙin a gaya masa gaskiyar wanda zai karɓa. Dacewar mutum da aiki ake dubawa, kuma akwai aikin da zai dace da kusan kowa.

Mata kaɗan ne a gidajen yari idan aka kwatanta da maza, shi ya sa ba a cika tuna su ba, amma tasu ta fi tsanani. Sau da yawa kafin ta fito aure ya mutu, an raba ta da 'ya'yanta, gidan iyaye ma ana kallonta a matsayin abin kunya. Sana'ar mace a wurinmu, kitso ne ko abincin sayarwa ko ɗinki, da shiga gidajen mutane da yardar maƙwabta take tafiya. Ƙungiyoyin mata na addini, da suka riga suka san kowane lungu, su ne suka fi dacewa su riƙe wannan ɓangare.

Gwamnati ta fara da kanta

A Birtaniya akwai kamfanin Timpson, masu gyaran takalmi da yankan makulli, da kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatansa tsofaffin fursunoni ne. Makullan gidajen mutane ake ba su su yanka. A 2024 aka naɗa shugaban kamfanin, James Timpson, ministan gidajen yari. Ƙasar kuma tana da doka tun 1974 da ta ce laifuffuka da yawa, idan wasu shekaru suka wuce mutum bai sake ba, ba dole ne ya ambace su wurin neman yawancin ayyuka ba.

Mu a nan, gwamnatin da ke roƙon 'yan kasuwa su rungumi waɗanda suka fito, fom ɗinta na ɗaukar aiki na tambayar ko kotu ta taɓa ɗaure ka, kuma kowa ya san inda fom ɗin da aka amsa "e" yake ƙarewa. Da wane baki za ta ce wa mai gareji ya yi abin da ita ba ta yi ba?

Majalisun jihohi za su iya sa wa'adi: ƙaramin laifi, idan mutum ya yi shekara biyar bai koma ba, a daina tambayarsa a ƙananan ayyukan jiha da na ƙaramar hukuma. Jihohi na ba da kwangilar kujerun makaranta, da ɗinkin kayan 'yan firamare, da yashe magudanan ruwa kafin damina, da dashen itatuwa. A sa a cikin sharaɗin kwangila cewa a kowane ma'aikaci 20, ɗaya ya kasance daga cikin waɗanda hukumar gyaran hali ta ba takardar kyakkyawan hali, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe sai ya kawo sunayensu da shaidar ya biya su.